Babi na Bakwai: Gidan da Yake Kasuwa

Idan ka tsayar da ɗan zemijan, wato ɗan acaɓan Lome, a bakin babbar kasuwar Adawlato ka ce ya kai ka Zongo, kada ka hau sai kun fahimci juna. Zongo biyu ne a bakin mutanen garin, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda yake nan kusa, a gefen titin da ya yi wa tsohon gari zobe, Boulevard du 13 Janvier. Shi ake ce wa Zongo BTCI, da sunan bankin da aka gina a wurin. Akwai kuma wanda yake can arewa, tafiyar wajen kilomita 15 kan babbar hanyar da ta miƙe zuwa Burkina Faso, Agoe-Zongo ke nan. A na farko suna ne mafi yawan abin da ya rage. Mutanen suna na biyu.

Abin da ya raba sunan da mutanensa ya faru ne a 1977. A shekarar gwamnatin Janar Gnassingbe Eyadema ta tashi unguwar Zongo ɗungurungum, aka rushe gidaje, aka nuna wa dubban mazaunanta wani fili a wajen gari, kusa da Togblekope, inda a lokacin gonaki ne da jeji. Ƙasar tana cikin ɗumin kuɗin ma'adinin fosfat, wanda farashinsa ya yi tsalle a 1974. A 1975 an sa hannu kan Yarjejeniyar Lome tsakanin Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, sunan garin ya shiga duniya, masu mulki kuma suka ƙudura cewa babban birninsu zai zama mazaunin bankuna da tarurruka. Unguwa mai lunguna da rufin kwano, da tumaki a ɗaure da almajirai a zaure, ba ta dace da hoton da suka zana ba. Yau a wurin da kewayensa manyan gine-ginen bankuna ne, ciki har da na asusun ƙungiyar ECOWAS. Nakan yi murmushi idan na tuna wannan. Ƙungiyar da aka kafa a 1975, da ƙoƙarin Eyadema da Janar Yakubu Gowon, don mutane da kaya su riƙa ketare iyakoki ba tsangwama, ta sami mazauni a yankin mutanen da suka shekara kusan ɗari suna wannan aikin da ƙafa da jaki, ba su jira yarjejeniyar kowa ba.

Ba kukan 1977 zan sake yi a babin nan ba. Abin da nake so mu duba shi ne tunanin da ke ƙarƙashin wannan hukunci, domin har gobe yana nan a ofisoshin tsara birane daga Lome har Kano: cewa kowane fili yana da manufa guda, wannan na kwana, wancan na ciniki, kuma wanda ya haɗa biyun ya karya doka sai in hukuma ta yi masa togaciya.

A zango wannan magana ba ta da kan gado tun daga tushe. Lome kanta kasuwa ce ta haife ta. Wajen 1880 'yan kasuwa suka fara sauke kaya a wannan gaɓar don kauce wa kuɗin fito na Ingilishi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, wadda iyakarta take nan a bakin gari. Hausawa na cikin waɗanda suka zo da wuri. Jamus ta kafa tutarta a 1884, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fataken goro zuwa Kete-Krachi da garuruwan bakin teku, sannan a 1897 Jamusawa suka dawo da hedikwatarsu Lome. Da aka gama gadar sauke kaya a teku a 1904, aka ja layin dogo zuwa Kpalime a 1907 da Atakpame a 1911, duk mai goro ko shanu ko tufafi ya san inda zai dosa. Sai dai baƙon da ya sauka garin da ba ya jin yarensa yana bukatar abubuwa huɗu a dare ɗaya: inda zai kwana, inda zai ajiye kaya, wanda zai nemo masa mai saye, da wanda zai tsaya masa idan an karɓi kayan bashi. Duk huɗun mutum ɗaya ke bayarwa, a ƙarƙashin rufi ɗaya. Shi ne maigida.

Wani Bafaranshe mai nazarin al'umma, Michel Agier, ya zauna da mutanen Zongon Lome jim kaɗan bayan an tashe su, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Kafin shi Abner Cohen ya rubuta irin wannan a kan Sabo ta Ibadan a 1969. Abin da dukansu suka gani, wanda kowane ɗan zango ya sani ba sai an karanta masa ba, shi ne cewa jarin maigida gidansa ne. Zaure nan ne ofis, nan ake cinikin, nan ake sulhu in ciniki ya ɓaci. Ɗakunan waje masaukin baƙi ne, kuma bafatake ba ya biyan kuɗin kwana, la'adar cinikinsa ce ke biya. Wani ɗakin sito ne, inda ake kwance huhun goro a yayyafa masa ruwa a sauya ganye. Yaran gida su ne dillalai. Cikin gida kuma matan aure suna tasu sana'ar ba tare da sun taka waje ba, tuwo da waina da fura da ƙosai, yara na kai wa baƙin nan da ke zaure. Ko'ina ka taɓa a gidan, kuɗi na motsi. To a takardar mai tsara birni, wannan gidan kwana ne ko wurin kasuwanci? Duk amsar da ya rubuta, rabin gaskiya ya rubuta.

Shi ya sa tashin 1977 ya fi rushe bango ciwo. An ba mutane filin kwana, amma abin da aka karɓe musu kusanci ne da kasuwa da tasha. Maigidan da baƙinsa za su yi tafiyar kilomita 15 kafin su ga mai saye ya zama mai gida kawai, ba maigida ba. Mutane da dama ba su bi ayarin ba, suka watsu cikin unguwannin gari suna haya don kada su yi nisa da abincinsu. Ba kuma wannan ne karo na farko ba, tun zamanin Turawa an sha matsar da Zongo duk lokacin da gari ya cim masa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutanen da aka haifi kakanninsu a Lome suka wayi gari har yanzu raɓa ake ɗaukarsu.

Ita wannan al'ada ta yanka gari shiyya-shiyya ba ta da wani dogon tarihi. Birnin Frankfurt na Jamus ya fara ta a 1891, shekara shida kacal kafin Jamusawa su mai da Lome hedikwata. New York ta yi tata dokar a 1916. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar da wani kamfanin filaye mai suna Ambler ya kai ƙauyen Euclid na jihar Ohio, yana cewa an karya darajar filinsa da aka hana shi sayar da shi ga masana'antu. Kotu ta ba ƙauyen gaskiya, daga nan tsarin ya bazu. A Turai kuma taron masu zanen gine-gine na 1933, wanda ɗaya daga cikinsu, Le Corbusier, ya wallafa sakamakonsa daga baya, ya kasa rayuwar birni gida huɗu: kwana, aiki, shaƙatawa, zirga-zirga, kowanne da wurinsa. A yi musu adalci, suna da dalili. Garuruwansu sun cika da hayaƙin kwal, masana'antar ƙarfe na jingine da ɗakin jarirai. Amma tun ranar farko sun gane dokar ta yi tsauri, sai suka buɗe mata taga: kwamitin da mai fili zai je ya nuna cewa bin ƙa'idar zai ƙuntata masa fiye da kima, a yi masa sassauci. Wannan taga ita ce togaciya. Da dokar da tagar duka aka ɗauko aka kawo mana, aka ɗora a kan garuruwan da babbar masana'antarsu murhun mai ƙosai ce.

A Togo takardun sun taru. Akwai dokar tsara birane da izinin gini ta 1967, akwai wadda ta sabunta hanyar ba da izinin a 2016, akwai kundin dokar filaye na watan Yunin 2018. A 2019 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, na farko tun 1987, aka kasa Lome da kewayenta gundumomi 13, bakwai a Golfe, shida a Agoe-Nyive, kowace da magajin garinta. Izinin gini daga ofishinsa yake fitowa, bayan an kai zanen da ƙwararren mai zane ya sa wa hannu. Idan dangi za su yanka gonarsu su sayar, wato lotisma, rabin filin na hukuma ne, don tituna da makarantu da asibitoci da kasuwanni. Ragowar ake yankawa fuloti-fuloti, galibi mai murabba'in mita 600. Mutumin Lome kuwa ba shi da burin da ya wuce ya mallaki nasa, ya zagaye shi da katanga, ya sa ƙofar ƙarfe.

Sai ka zo Agoe-Zongo ka ga abin da fulotin ya zama. Jejin 1977 ya cika ya batse. Ƙidayar 2022 ta sami mutum fiye da miliyan 2 da dubu 100 a Lome da kewaye, kuma arewa garin ya fi miƙewa. Tashar manyan motoci da ake kira Terminal du Sahel ta zauna a nan, inda tireloli masu ɗauke da kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina da Nijar da Mali suke yada zango. Kamar an yi da gangan, baƙi suka sake samun maigida a bakin hanya. Direba daga Maradi ko Ƙonni yana son wurin wanka da salla da tuwo mai miyar kuka, ɗan kasuwa daga Yamai yana son magaza da zai tara kaya kafin mota ta cika. Katangar gida ta fara hudewa. A fasa nan a yi butik, a fasa can a ba mai gyaran waya, ɗakin baƙi ya koma sito, gareji ya koma wurin injin niƙa. Gidan da ke kallon kwalta yakan wayi gari fuskarsa duka shaguna ce, ƙofar shiga ta koma wani siririn lungu a gefe.

A bisa takarda, mai da ɗakin kwana wurin kasuwanci canjin manufa ne, kuma hukuma ce ke da ikon amincewa. A bisa ƙasa, mafi yawan masu fasa katanga ba su taɓa tambayar kowa ba, hukuma kuma ta san da su, tunda ma'aikatanta na zagayowa karɓar harajin shago. Wannan zaman na rabin halas rabin haram shi ne abin da ya fi damuna. Wanda ke cikinsa yana biya, amma ba shi da kariya. Ranar da aka bukaci faɗaɗa titi ko wani mai ƙarfi ya ƙyalla ido, rasit ɗin haraji ba zai tsaya masa ba. Shi kuwa mai kuɗin da zai gina gidan mai ko bene mai hawa huɗu a tsakiyar gidajen mutane, shi ne ke da lauya da mai zane da haƙurin bin ofis-ofis, don haka shi ne ke fitowa da tambari. Tagar da aka buɗe don mai ƙaramin ƙarfi ta fi dacewa da jikin babba. In ma an bi salsala, togaciya mafi girma da aka taɓa yi a tarihin Zongo hukuma ce ta yi wa kanta, ranar da ta sauya manufar unguwa sukutum daga gidaje zuwa bankuna ba tare da ta nemi yardar maƙwabci ko ɗaya ba.

Kada a ɗauka ina cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Wanda ya taɓa kwana bango ɗaya da injin niƙa ya san ba wasa ba ne. A ɗauka wani dattijo ya ba da hayar garejinsa ga mai walda. Tartsatsi na tashi inda yara ke wucewa zuwa makarantar allo, janareta na ruri har bayan lisha. Ko a ce sito ne aka cika da jarkokin fetur, ko tirela ta toshe lungu har mai naƙuda ta rasa hanyar fita. Wuta kuma ba baƙuwa ba ce a garin: babbar kasuwar Adawlato ta ƙone a Janairun 2013, ta Agoe-Assiyeye ta bi ta a Disambar 2023. Cutarwa gaskiya ce. Abin lura shi ne yadda mutanen zango ke magance ta. Maƙwabci ba ya zuwa ya ce an saɓa wa taswira. Bayan sallar asuba zai ja dattijon gefe ya ce, Baba, a yi haƙuri, abin nan na yaronka ya hana iyali barci. In bai ji ba a kai wa liman, in ta ƙi a kai gaban sarkin zongo. Sau da yawa a nan take mutuwa: a kashe inji da magariba, a juya bakin shagon ya daina kallon ƙofar mutane, a kwashe fetur a kai bayan gari. Ba wanda ya ce a rufe sana'ar, ba wanda ya tambaya ko filin na kwana ne.

Wannan ba dabara ce ta rashin doka ba. Doka ce, tsohuwa ma. Malaman Malikiyya sun daɗe da gina hukuncin gine-gine a kan ƙa'idar hana cuta da cutarwa. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun maƙwabta, ya tattara hukunce-hukuncen a littafi guda: hayaƙin gidan burodi, warin majema, girgizar dutsen niƙa a jikin bangon wani, shagon da aka buɗe daura da ƙofar gida har mai zama a ciki yana ganin masu shiga da fita. A ƙasar Hausa Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan yadda ake mallakar fili, Alƙali Idris na Gwandu kuma ya tattara irin waɗannan mas'aloli na maƙwabtaka don amfanin masu shari'a. Tambayarsu kullum ita ce wa aka cutar, da me, kuma wa ya riga wani zuwa. Majemin da gari ya tarar yana da haƙƙin da sabon zuwa ba shi da shi. Da an auna Zongo da wannan mudu a 1977, da an tambayi wa ya riga wani tsakaninsa da banki.

Tsarin unguwa ma yana da nasa rauni, ba zan ɓoye ba. Idan mai injin shi ne ya yi wa masallaci rufi, bakin liman yakan yi nauyi. Ɗan haya ba ya iya ƙarar mai gidansa. Matar da hayaƙi ya fi damu tana cikin gida, ba ta zuwa zaure inda ake yanke magana, sai dai ta aika. Nan ne ake bukatar hukuma, ta zama wurin da mara ƙarfi zai ɗaukaka ƙara, ta kuma ja layi a kan abubuwan da ba a sulhu a kansu, kamar ajiye man fetur da gas a cikin gidaje. Wanda yake ganin haɗa gida da shago alamar ci-baya ce, ya leƙa Japan. A can ko a shiyyar da aka fi tsananta wa don gidajen kwana, doka ta yarda mutum ya buɗe ƙaramin shago a gidansa muddin bai wuce murabba'in mita 50 ba kuma bai kai rabin ginin ba. Ba ya neman alfarmar kowa, haƙƙinsa ne a rubuce.

Mu ma a Kano mun san wannan labari. Kantin Kwari a da gidajen kwana ne na Kwarori 'yan Sham da Lebanon, iyali a sama ko a baya, kanti a gaba. Ciniki ya cinye gidajen ɗaya bayan ɗaya har ta zama kasuwar tufafin da ake zuwa daga ƙasashe, amma har yau in za a yi maka kwatance a cikinta gidan wane ake cewa. Mun kuma ga ɗaya fuskar a Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnati ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da izinin wadda ta gabace ta. Masu shagunan suna da takardu. Kotun tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, amma kafin nan ginin ya riga ya zama ƙasa.

A Lome maganar yanzu ta koma kan rabin filin nan da ake ware wa hukuma a lotisma. A ƙarshen 2024 gwamnati ta ƙirga filayen da aka keɓe mata a cikin birnin da kewayensa, ta sanar cewa kashi 68 cikin 100 na filayen, mutane sun hau kansu ba bisa ƙa'ida ba, ta ba su shekara guda su tashi. An kafa alluna a bakin filayen. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai wanda ya san sarai abin da ya taka, akwai kuma wanda ya saya da guminsa a hannun dangin masu gona, aka ba shi rasit, ya yi shekara ashirin yana biyan kuɗin wuta da ruwa da sunansa.

Agoe-Zongo kuma ta daina zama bayan gari. Kogin Zio, wanda ambaliyarsa ta 2008 ta karya gadoji ta yanke hanyar arewa, yana nan yana cika unguwannin gefensa duk damina, amma hakan bai hana farashin fuloti hawa ba. A Yunin 2021 aka buɗe sabon yankin masana'antu a Adetikope, kilomita 27 daga tsakiyar Lome, da filin ajiye manyan motoci da wurin sauke kwantena. Tireloli sun fara wuce Zongo suna kwana a can. Masu tuwo da masu shayi sun riga sun bi su, 'yan zongo da dama kuma sun sayi filaye a gefen hanyar. A kan takarda filayen na gidajen kwana ne. Wanda duk ya fara gini, ɗakunan da ke kallon titi yake fara ɗorawa, ya sa musu ƙofofin ƙarfe masu faɗi, kafin ya haƙa ko tushen ɗakin da zai kwana.